Gangar Kalilu da Ƴan Aji Shida

Duk wanda ya san Rijiyar Kabo, wani ƙauye da ke bayan Sandamu, ya san Kalilu Makaɗi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar ya haɗiyi lasifika. In yana yi maka sirri a ƙofar masallaci, har matan da ke daka a ƙarshen gari sun ji. Gangar noma ya gada wurin ubansa. Tun yana saurayi, in an kira gayya, maza sun taru za su nome wa mutum ɗaya gonarsa, Kalilu ne a gabansu, yana tafiya da baya-baya yana kaɗa wa kowa takensa. Akwai ragwayen da a gonarsu sai sun huta sau uku kafin su kai ƙarshen layi, amma da sun ji takensu sai ka rantse ba su ba ne.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, zance ya yi ta yawo cewa kiɗa ya ƙare. Ba wanda ya zo ya ce wa Kalilu uffan. Shi da kansa ya yi wa kansa hukunci, ya naɗe gangar a tsohon buhu ya rataye ta a ƙuryar zaure, ya koma sayar da rake a ƙofar firamaren garin. Bai yi ƙorafi ba, don shi mutum ne mai tsoron Allah da kuma tsoron bakin mutane, na biyun ma ya ɗan fi yawa. Sai dai matarsa Kubura ta ce ko tuwo yake jira, yatsunsa suna kan akushi suna kiɗa. Gayya kuwa da ta rasa ganga sai ta yi ta ja da baya, har kowa ya koma fama da gonarsa shi da ƴaƴansa.

Zaman ƙofar makaranta ya mai da Kalilu ɗan gida. Ya san wanda ya makara, ya san wanda aka zane, ya haddace taken ƙasa duk da bai san abin da ake faɗa ba. Da aka zo kafa kwamitin iyaye aka sa shi ciki, tunda ko ba a gayyace shi ba yana nan. Ana haka autarsa Haulatu ta kai aji shida. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, kuma ta sa wa ranta sai ta shiga sakandare a Daura.

Matsalar ita ce jarrabawar shiga sakandare tana faɗowa daidai lokacin noman farko. Da ruwa ya sauka, aji shida sai ya watse: maza a bayan hauya, mata a hanyar kai fura gona. A shekarar, hedimasta ya tara iyaye a gindin darbejiya ya faɗa musu gaskiya. Ofishin ilimi ya ce in an sake turo mai sa ido ya tarar da benci ba yara, za a ɗauke aji shida a mai da shi wani gari mai nisa. Kowa ya san ma'anar wannan. Ba uban da zai bar ƴarsa ta riƙa taka wannan daji, karatun su Haulatu ya tsaya ke nan.

Ɗantsoho, wanda ke da tagwaye maza a ajin, kuma ya fi kowa taurin kai, ya ce, "Malam, ni ban ƙi boko ba. Amma in ciyawa ta cinye min gero, satifiket zan tuƙa?"

Aka yi dariya, amma Kalilu bai yi ba. Ya koma gida ya tarar da Haulatu tana bitar lissafi a ƙasa da tsinke, sai zuciyarsa ta karye. Ya daɗe tsaye a zaure yana kallon buhun nan. Bayan la'asar ya tsai da liman, ya rage murya iyakar ƙoƙarinsa, wato rabin masallaci kawai suka ji.

"Allah gafarta Malam, in mutum ya ɗauko ganga, ba ta biki ba, ta noma, don a yi gayya a nome wa iyayen ƴan aji shida gonakinsu, yaran su samu su yi jarrabawa, ya yi laifi?"

Liman ya dube shi ya ce, "Kalilu, wa ya hana ka tun farko?"

"Ai cewa aka yi..."

"Wa ya ce? Ni abin da na yi wa'azi a kai, cakuɗuwar maza da mata ne da shashanci. Kai da kake tura ƙarti neman halal? Shekarun nan ina ce gajiya ka yi. In ka tashi, ka tuna ni ma ina da take, kuma ban yafe ba."

Kalilu ya isa gida da gudu-gudu, yana dariya yana share hawaye. Ashe duk tsawon shekarun nan tambaya ɗaya ce tsakaninsa da gangarsa! Ya sauya mata fata, ya ja tsarkiya, washegari da hantsi garin ya ji abin da ya manta. Tsofaffi suka fito da hauyoyinsu, samarin da ba su taɓa ganin gayya ba suka biyo baya don kallo, suka ƙare da kama aiki. Mata suka dama fura ƙwarya-ƙwarya. Aka bi gonakin iyayen ƴan aji shida ɗaya bayan ɗaya, yaran kuwa suna aji suna bita.

Sai dai an yi kuskure guda. A al'adar gayya, gonar da ta fi kusa da gari ita ake bari ƙarshe, don a tashi a shiga gida da sauran ƙarfi. Gonar nan ta Ɗantsoho ce, tana jingine da katangar makaranta, kuma ranarta ta faɗo ranar jarrabawa. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Ɗantsoho dai ya gindaya sharaɗi: in ya ga aiki ya yi sanyi, zai shiga ajin da kansa ya fito da tagwayensa.

Kalilu ya saki ganga, ƙarti suka duƙa, ƙasa na tashi. Ba a yi nisa ba sai ga wata malama da aka turo daga Daura don sa ido a jarrabawar ta fito tana riƙe da mayafi tana ɗaga hannu.

"Baba, don Allah! Kiɗan nan ya yi daɗi, shi ne matsalar. Duk ajin ƙafafu ke rawa a ƙarƙashin benci. Ɗazu ka kaɗa wani abu, tagwaye suka miƙe tsaye suna kirari!"

Taken ubansu suka ji. Kowa ya kwashe da dariya, ban da Kalilu. In ya ci gaba, yara sun faɗi. In ya tsaya, hannun ƙarti zai mutu, Ɗantsoho kuma ya riga ya fara kallon ƙofar ajin. Ya dubi gangar da ya daɗe yana kewa, ya cire ta daga kafaɗa, ya kwantar da ita a gindin gawo ya lulluɓe da rigarsa. Ya dawo gaban layi da gula, sandar kiɗan, kaɗai a hannu, ya ɗaga ta, ya shiga dukan iska.

Da farko mutane suka tsaya suna kallonsa, ko ya zare ne. Shi kuwa ya ja da baya, kafaɗa na motsi, ya nuna liman da gula ya kaɗa masa takensa a iska. Liman ya gane shi sarai, ya yi murmushi ya kai wa ciyawa sara. Ya juya kan Ɗantsoho, wannan ma jikinsa ya ɗauka. Ashe kiɗan yana cikin jikinsu, hannun Kalilu kawai suke jira. Haka aka nome gonar nan, ba ka jin komai sai sarar hauya da numfashi. Mutumin da bai taɓa iya raɗa ba, ranar ko tari bai yi ba, sai zufa da zazzare ido. Kubura da ta kawo fura ta ce tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa samun hutun kunne irin na ranar ba.

Suna kan layin ƙarshe aka buga ƙararrawa. Yara suka ɓarko da gudu, Haulatu a gaba, hijabinta na tashi. Ba ta tsaya wurin kowa ba sai gindin gawo. Ta yaye rigar, ta rungumo gangar da ƙyar ta kawo masa.

"Baba, mun gama. Sake ta!"

Ya sake ta kuwa, har sai da malamar Daura ta manta da kanta tana gyaɗa kai. Can ya juya wani kiɗa da ba wanda ya taɓa ji. Manoma suka dubi juna, kowa na neman mai shi.

"Baba, wannan taken wa ne?"

"Naki ne," in ji shi. "Ke ma yau kin nome taki."

Da sakamako ya fito, yawancin ajin sun ci, har da tagwayen Ɗantsoho, wanda ya yi ta gaya wa mutane a kasuwar Mai'adua cewa shawararsa ce tun farko. Aji shida ya zauna daram, gayyar jarrabawa kuma ta zama ta kowace damina, sai dai yanzu gonar bakin katanga ake fara nomewa. Kalilu ya tsufa, har yau yana sayar da rake a ƙofar makaranta. Haulatu ta dawo tana koyarwa a ajin da ta zauna. Duk safiya in ta ɓullo da littattafai a hannu, yakan ajiye wuƙa ya kaɗa mata takenta da yatsu a kan baro, ita kuma ta wuce tana harararsa, ƙafarta na bin kiɗan.