Dama da Hagun Melen

Gonar Kawu Visant da tamu shingen ƙaya ne kawai ya raba su, don haka duk abin da ya faɗa wa goɗiyarsa a kunnena yake sauka. Ba kawuna ba ne na jini, haka dai duk ƙauyen muke kiransa. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, mai rowar magana. Idan ka gaishe shi da Faransanci sai ya amsa kamar wanda ake cire wa haƙori.

Tun da matarsa Soaz ta rasu, bai sake samun wanda zai yi hira da shi da Bretonanci ba, tsohon yaren wannan yanki namu na Faransa. Tsararrakinsa sun ƙare. Mu da muka biyo baya iyayenmu sun hana mu yaren, wai kada a yi mana dariya a makaranta. Ni ina tsintar kalma nan da can, amma bakina ba ya juyawa. 'Yarsa kuwa tana birni, sai waya ranar Lahadi.

Sai Melen. Ita ce dukusar ƙarshe da tsohuwar goɗiyarsa ta haifa kafin ta mutu, ja mai farar geza, ƙafafu kamar turmi. Kowa a yankinmu ya koma tarakta, shi ya ce albasa ba ta son ƙarfe mai nauyi a kanta. Ya fara hora ta da ragama, sannan ɗaga kofato, sannan ya riƙa ɗora mata buhu a baya har ta daina zabura. Da ta yi ƙwari ya sa mata linzami, ya bi ta a baya da dogayen igiyoyi, ta ja kututture, daga baya ta ja garma. Bai taɓa ɗaga mata bulala ba. Murya ce aikin. Idan ya ce "su" ta yi hagu, idan ya ce "diha" ta yi dama, yadda kakanninmu suke cewa.

Tsakanin waɗannan kalmomi biyu kuma sai hira. Mutumin da ba ya iya haɗa mana jimla ɗaya, sai ga shi yana zuba tun safe har rana ta yi tsaka. Ina jin sunan Soaz yana fitowa a ciki. Wani lokaci har dariya yake yi. Na taɓa leƙawa na ce, "Kawu, me take ce maka ne?"

Ya ce, "Ta fi ki hankali. Ba ta katse mutum."

Ana haka ƙugunsa ya ƙi. Likita ya ce bin garma ya ƙare, 'yarsa ta ce a sayar da goɗiya. Masu so biyu ne. Akwai dillalin da ke kwasar dawakanmu ya kai wa mahauta, wanda ya zo ya tsaya yana auna cinyoyinta da ido. Akwai kuma wata matashiya, Capucine, mai gonar inabi can gabas inda ba a taɓa jin yarenmu ba, tana noma da dawaki.

Ranar gwaji na tsaya a bakin shinge. Capucine ta karɓi igiyoyi, Melen ta tafi sumul har ƙarshen kunya. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Diya!"

A Faransanci "diya" hagu ce. Melen ta ji "diha" ɗinta da ta sani tun tana ƙarama, ta juya dama da dukkan ƙarfinta, ta ratsa cikin albasa da garma a bayanta. Capucine ta sake ƙwala "diya," goɗiya ta ƙara yin dama.

"Baba, goɗiyar nan ba ta ji," in ji Capucine tana haki.

Kawu ya ce, "Ji take yi. Abin da kika ce ta yi."

Da ya bayyana mata, ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Ta ce ita za ta iya koyon kalma biyu, amma ma'aikatanta suna canzawa, kuma za a haɗa Melen da wani doki a garma ɗaya. Kalma guda, ɗaya ya yi hagu ɗaya ya yi dama, a tsakanin layukan inabi, wani zai karye.

Kawu ya dubi hanyar da motar dillali ta saba biyowa. Ya ce, "Ki ba ni zuwa cirar albasa."

Daga washegari hirar ta mutu. Ya ce idan ya gauraya mata yare biyu za ta rikice, don haka ya daina yi mata Bretonanci gaba ɗaya, har a barga. Yana ɗingishi a bayanta, ya ce "diya" ya ja igiyar hagu, ta yi dama, ya tsayar da ita, a sake. Tana waiwayowa tana kallonsa. Ni da na sha ƙorafin surutunsa, sai na ga shirun ya fi damuna. Na tsani lokacin nan, kuma na ji haushin iyayenmu.

Capucine ta dawo da babbar mota bayan an cire albasa. Kawu ya ce shi zai fara zagaye ɗaya. A ƙarshen kunya, ban sani ba ko gajiya ce ko da gangan ya yi, sai na ji tsohuwar kalmar ta fito, da muryar da ya saba.

"Diha."

Melen ba ta ko yi jinkiri ba. Ta juya hagu.

Ya tsaya riƙe da igiyoyin har sai da Capucine ta zo ta karɓa. Ya ce mata, "Ta iya."

Da za a shigar da ita mota ya shafa wuyanta, ya gyara mata geza, bakinsa a rufe. Motar ta fita, muka tsaya mu biyu a ƙofar barga. Na kasa haƙuri.

"Haba Kawu, ko sallama ba ka yi mata da yarenku ba?"

Ya ɗauki bokitin ruwanta ya kifar, ya jingina shi da bango. Da Faransanci ya amsa mini.

"Kada in ɓata mata horo."