Takunkumin Tofazzal

An haifi Tofazzal da leɓen sama a tsage har cikin hanci. Matan unguwarsu a garin Natore suka ce uwarsa ce ta yanka kifi ranar husufin wata tana ɗauke da cikinsa, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta daina neman gafararsa ba. Yana tasowa aka kai shi shagon alawar madara na Haji Mokbul, aka nuna masa ɗakin baya. Can ya girma, can furfura ta same shi, tsakanin hayaƙi da tukwane. Duk garin na santin alawarsa, ba wanda ya san fuskar mai yin ta.

Sai annoba ta zo, gwamnati ta ce kowa ya sa takunkumi in zai shiga jama'a. Mutane suka yi ta mita, wannan ya ce zafi, wancan ya ce numfashi. Mai tsaron kantar shagon ya gudu ƙauye, Haji ya rasa na yi, ya leƙa baya.

"Wanke hannunka ka fito. Yanzu ai duk garin ba mai baki."

Allah ya yafe masa, amma Tofazzal bai taɓa jin daɗin duniya kamar a shekarun cutar nan ba. Ashe yana da idanu masu fara'a. Maganarsa ta hanci kuwa, ai kowa ma haka yake yi ta bayan ƙyalle. Har ya koyi tsokana. Wadda suka fi shaƙuwa ita ce Gwaggo Jobeda, wata dattijuwa mai son ciniki.

"Ɗan nan, sikelinka azumi yake yi ne?"

"Gwaggo, in na ƙara miki Haji zai dafa ni cikin madarar."

Da cutar ta lafa aka ce kowa ya huta da takunkumi. Gari ya yi murna. Shi ya ci gaba da sa nasa, in an tambaya ya ce mura.

Ran nan Gwaggo Jobeda ta shigo da surukarta, ciki ya tsufa, za a yi mata walimar wata bakwai. Ta sayi alawa tuli. A al'adar garin kuwa, mai albishir da hannunsa yake sa wa mutum zaƙi a baki, ƙi kuma cin fuska ne. Ta ɗauko ɗaya ta miƙo.

"Buɗe baki."

"Gwaggo, mura nake..."

"Murar shekara nawa? Ni za ka kunyata a gaban surukata? Sauke tsumman nan."

Ya dubi Haji, Haji ya sunkuyar da kai. Tofazzal ya sauke.

Gwaggo ta ga leɓen. Ta ja bakin zanenta ta kare idon surukar don kada ɗan cikin ya ɗauko, ta juya ta wajen ƙofa, leɓunanta na motsi da addu'a. Alawar ta ajiye masa a kan sikeli.

Washegari ya tarar an sa wani a wurinsa a kantar shagon. Haji bai iya haɗa ido da shi ba, ya ce madara na jira a baya.

Har yau Gwaggo Jobeda tana zuwa. Ta bayan labule yakan ji muryarta tana cewa a ba ta irin ta kullum, a Natore kaf ba mai hannu irin na mai yin ta. Ba ta taɓa tambayar inda Tofazzal yake ba.