Su Wa Aka Tarar a Nan?

Jiya na sayi zuma hannun wata tsohuwar Orang Asli, 'yan asalin Malesiya, sai na tuna marigayi malamina. Duk garin da ya sauka, yakan fara tambaya, "Su wa aka tarar a nan?" Kakarsa Gbagyi ce, gonarta ta zama titi a Abuja.

Wata rana ni da shi muna shan shayi a shagon mamak, wato gidan abinci, a unguwar Pantai Dalam a nan Malesiya, talabijin ta nuna Ostireliya ta yi ƙuri'ar raba-gardama kan ambaton 'yan asalinta a tsarin mulki. Aka ƙi.

Ya ture kofinsa ya ce, "Ɗana, waɗanda aka tarar ne ke roƙon a ambace su." Shayin ya huce, bai sha ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa inda ya sauka an karɓe shi ɗan gida.