Ranar da Na Roƙi Allah Ɗiyata Ta Saɓa Mini

Shekarun baya, lokacin ina cikin ƙarfina a tuƙin tasi a filin jirgin saman Dulles da ke Amurka, babbar ɗiyata ta samu aikin koyar da Turanci a wani gari na Japan. Ban so ba, amma na yarda, bayan ta zaunar da ni ta nuna mini garin a waya. Ba babban birni ba ne. Duwatsu a bayansa, teku a gabansa, gidaje a matse a tsakani. Mutanen garin kuwa da kifi suke ci da sha: masu kamawa, masu sarrafawa a kamfani, masu gyaran jiragen ruwa. Ɗakin da ta kama yana ƙasa, kusa da tashar jiragen.

Ni mutumin Damagaram ne. Teku daga tagar jirgin sama na san shi. Kuma a gidana magana ɗaya nake yi. Yarinyar nan Hausarta duk ta kakkarye, amma akwai kalma biyu da take faɗa daram: "To, Baba."

Wata rana da yamma muna filin da direbobi ke jiran fasinja, ni da abokina, wani Bakano mai bakin tsiya, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ce, "Malam, ina ce a Japan 'yarka take? An yi girgizar ƙasa a can." Ya karanto sunan yankin. Nata ne.

Na kira ta. Can gari ya waye. Ta ɗauka tana haki, jiniya na kuka a bayanta, ana ta magana a lasifika da yarensu. Ta ce tana kan titi, mutane na gudu. Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Saurara. Na farko, ki koma ɗakinki. Na biyu, ki kulle ƙofa, ki ɗauki fasfonki ki riƙe. Na uku, kada ki fito sai na kira ki." Abin da aka koya mini ke nan tun ina yaro: in gari ya rikice, mace ta shige gida.

Ta ce, "To, Baba." Layin ya katse.

Na juyo ina jin na yi aikin uba. Abokina ya zuba mini ido.

"Ɗaki ka ce ta koma?"

"Ɗaki."

"Malam, ruwa ne fa ke zuwa, ba 'yan fashi ba. Kwaɗon ƙofa zai tare teku?"

Ya miƙo mini wayar. Labarai ne kai tsaye, ana fassarawa da Turanci: teku na iya tasowa, kowa ya hau tudu yanzu, kada wanda ya koma gida ɗaukar komai. Suna ta maimaitawa. Kada a koma.

Na zaro wayata. Na kira, bai shiga ba. Na sake, na sake. Na tura saƙo cewa ta manta da maganata, saƙon ya tsaya bai tafi ba. Layin fasinja ya zo kaina, na bar na bayana ya wuce. Mahaifiyarta ta kira daga gidanmu a Sterling tana tambaya ko na same ta. Na ce na same ta. "Me ka ce mata?" Na ce ina kan hanya, zan kira.

Aka yi magariba, muka shimfiɗa kwali a gefen mota. Ni da nake alfahari 'ya'yana ba sa tsallake maganata, na sa goshi a ƙasa ina roƙon Allah Ya sa yau ta tsallake. Abokina bai sake yin wasa ba, kuma hakan ya fi komai tsorata ni.

Bayan isha'i kiranta ya shigo. Tana kan tudun tsohuwar fadar garin, ita da ɗaruruwan mutane. Ta ce a can ƙa'ida ce da kakanninsu suka bari, har yaran makaranta sun haddace: in jiniya ta yi kuka, kowa ya ceci kansa zuwa tudu, ba a jiran kowa, ba a neman izinin kowa. Daga inda take tana hango ruwa a layinsu. Bai yi ɓarnar da aka ji tsoro ba, amma ya shiga ɗakinta har gwiwa.

Da numfashina ya dawo, halina ma ya dawo. Na ce, "To me ya sa kika ce mini to?"

Ta ce, "Baba, da na ce a'a, da ka sake farowa daga na farko. Ina gudu ne."

Abokina ya ji, ya fashe da dariya har yana dukan motata.

Ta yi shekara biyu a garin ta dawo lafiya. Ni ban canja sosai ba, har yau ina son a bi tsari. Sai dai yanzu in yaro ya kira ni daga wurin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba, kafin in ba da umarni nakan tambaya, "Mutanen wurin me suke yi?" Tambayar tana mini nauyi a baki. Ina yin ta duk da haka.