Musaya Ce, Ba Sayarwa Ba

Da safen nan ina zaune a ƙofar gida, ko kokon da aka kawo min ban taɓa ba, wani mai babur ya taka birki ya ce, "Malam, ka ji Ciyaman ya rasu?"

Na ce wane Ciyaman? Alhali na sani.

Alhaji Lawal. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a koma. Da hantsi aka yi masa sallah. Na je, na tsaya a sahun baya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ya kafa kulob ɗin ƙwallon kwando na garin nan namu na Daura, ya riƙe shi har muka shiga gasar ƙasa, 'yan wasa na karɓar albashi kamar ma'aikata. Shi ke ɗauka, shi ke sallama. Ni ne sakatarensa. Duk takardar da ta shiga kulob ɗin ko ta fita, ta hannuna ta bi.

Da na dawo daga maƙabarta na buɗe waya, sai na ga wani ya rubuta, "Allah ya jiƙan Dillali." Mutane na ta amin a ƙasa, wasu har da alamar dariya. Wani ya ƙara da cewa, "Allah ya yafe masa 'ya'yan mutane da ya sayar."

Saboda wannan na zauna rubutun nan. Ku yi haƙuri, zai yi tsawo.

Ba zan yi abin da muka saba a garin nan ba, mutum na da rai a ci namansa, ya mutu da safe kafin azahar ya zama waliyyi. Na san aikin mutumin nan ciki da bai, kuma yadda yake zan faɗe shi.

Alhaji bai yi boko ba. A kara ya tashi, wato kasuwar shanu, kuma da idon kara yake duba ɗan wasa. In aka kawo sabo, ba ya cewa a ba shi ƙwallo. Sai ya ce, "Yi tafiya in gani. Je ka bakin can ka dawo." Ni da takarduna sai in sunkuyar da kai don kunya.

Haka aka kawo wani gajere daga Zango mai suna Ɗanliti. Koci ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, wannan sai an sa masa tsani." Aka yi ta dariya. Alhaji ya ce, "Ku dubi idonsa. Ba ƙwallo yake kallo ba, mutane yake kallo. Sakatare, rubuta shi." Ɗanliti ne ya zama mai raba mana ƙwallo har kulob ɗin ya rushe, kuma ban ga kamarsa ba tun daga nan. A wannan Alhaji ya fi mu gani, mu duka.

Akwai ranar da kyaftin ɗinmu ya zagi dattijon da ke share fili, ana gobe za mu kara da wata ƙungiya daga Kano. Alhaji ya cire sunansa daga jerin masu wasa. Muka roƙe shi, ni har da riƙe masa hannun riga. Ya ce, "Gara a ci mu." Aka kuwa ci mu, ci mai zafi. A lokacin na ce taurin kai ne. Yau na ce daidai ya yi.

Amma ya yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Ya ba ƙanin matarsa aikin koci, mutumin da ba ya sanin lokacin da ya kamata ya canza ɗan wasa sai 'yan kallo sun yi masa ihu. Ya bar tsofaffin 'yan wasa suna ɗumama benci don tausayi, matasa na zaune a waje. In ka kawo shawara sai ya ce, "Na ji, Malam Turanci," ya yi abin da ya ga dama. A kan waɗannan ina nan a kan bakata, mutuwarsa ba ta canza komai ba.

Malam Turanci. Haka yake kira na, don na koyar da Turanci a sakandare kafin in zo wurinsa. Na yi jami'a lokacin da jami'a take jami'a. Ku dube ni yau, ku dubi waɗanda na koyar.

To, ga maganar Isiya.

Isiya ɗan garin Babban Mutum ne, can wajen Baure, dogo, hannunsa ɗaya na riƙe ƙwallo kamar lemo. Shi ne ɗan wasa mafi kyau da muka taɓa samu. Wani babban kulob a kudu ya nuna yana son sa. Alhaji ya yarda, bisa sharaɗi biyu: su ba mu 'yan wasansu biyu, kuma su sa Isiya a makaranta ya ƙarasa karatunsa. Ko sisi ba ta shiga tsakani ba. Ni na buga takardar, na san abin da ke cikinta.

In a fili za a auna, musayar ba ta yi mana rana ba. Ɗaya daga cikin biyun ya zo da ciwon gwiwa, ɗayan bai jure zaman Daura ba, kafin damina ya tattara ya koma. Na gaya wa Alhaji haka za a yi. Ya ce, "Na sani. Amma in Isiya ya zauna nan, a kan simintin nan namu, shekara uku ƙafarsa ta tashi aiki. Sai ya koma gida da me?"

A makon ne kuma Alhaji ya naɗa manajan kulob. Na daɗe ina jiran wannan kujera, har kwas na je na yi saboda ita. Ya ba wani abokinsa na kara. Ni ya ce, "Kai zauna kan takarda, nan ka fi kyau."

Kwana biyu bayan haka ya miƙo min takardar Isiya ya ce in kai wa mahaifinsa, tunda da Turanci take, in karanta masa in yi masa bayani.

Na hau mota zuwa Baure, daga nan na hau babur. Malam Barau, mahaifin Isiya, makiyayi ne mai mutunci. Ya shimfiɗa min tabarma a zaure, aka kawo fura. Maƙwabta biyu suka shigo suka zauna. Ya ce, "Malam, kai ne idonmu. Me takardar ta ce?"

Ina da kalmar a bakina. Musaya. Ko in ce canjin wurin aiki, kamar yadda ake yi wa malamin makaranta. Duk na san su.

Na ce, "Baba, an sayar da Isiya."

A rediyo kullum ana cewa an sayar da ɗan wasa kaza, mu 'yan gari ba ma ko jin nauyinta. Amma ba a rediyo nake ba. A gaban mutumin da ya yi rayuwarsa yana kai shanu kasuwa nake, kuma na san yadda zai ji ta. Don haka ma na zaɓe ta.

Malam Barau ya ajiye ludayi a hankali ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Wannan sai dai ka tambayi Alhaji."

Sharaɗin makaranta ko ambatonsa ban yi ba. Na sha furar mutumin nan har ƙarshe, na yi godiya, na tafi.

Bayan kwana uku Malam Barau ya zo Daura. Ana tsakiyar atisaye ya shigo fili da sandarsa, ya tsaya gaban Alhaji ya ce, "Na ba ka ɗa amana, sai ka kai shi kara? Kofato ka ga yana da shi?" Alhaji ya yi ta bayani, amma wa ke saurara? Kafin wata ya mutu, iyaye daga Baure da Zango sun zo sun kwashe 'ya'yansu. Sunan Dillali ya manne masa. Daga nan kulob ɗin bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba.

Isiya ya tafi, ya buga wasa, ya gama karatu, yau shi ma koci ne. Ya yi wa mahaifinsa bayani ba sau ɗaya ba. Tsohon ya ce, "Malami mai ilimi ne ya karanta min da bakinsa. Kai da aka saya me za ka ce?"

Ni kuwa ban taɓa gyara maganar ba. Shekara da shekaru.

A cikin shekarun nan babu babbar sallar da nama bai zo gidana daga gidan Alhaji ba. Da matata ta kwanta asibiti a Katsina, motarsa ce ta kai mu ta dawo da mu. Ina karɓa ina cewa a raina, ai alhakina ne yake biya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati biyu ke nan. Bayan la'asar na bi ta tsohon filin, na same shi zaune kan benci, ya rame, yana kallon wasu matasa suna jifa a kwandon da ko raga babu.

Ya ce, "Malam Turanci, zo ka ga wancan mai jar riga. Tafiyarsa ta yi."

Na zauna. Can ya ce, idonsa na kan fili, "Ka san Malam Barau ya gaya min wanda ya karanta masa takardar, da yadda aka karanta ta? Tun ranar da ya zo fili da sandarsa."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ni in an ce min Dillali, ai dillalin ne, gobe ma kara zan tafi. Kai fa? Ba ka da komai sai sunan nan na mai ilimi. In na karɓe shi, me za ka ci?"

Kun san abin da na yi? Haushi ya kama ni. Maimakon in ce ya yafe min, sai na ce, "Duk da haka ƙanin matarka bai iya koci ba."

Ya ce, "Wallahi bai iya ba." Muka yi dariya. Na tashi na ce sai an kwana biyu.

Na ɗauka akwai sauran lokaci.

To, ku ji daga bakin wanda ya buga takardar. Alhaji Lawal bai taɓa sayar da ɗan kowa ba. Ya yi kuskure a koci, ya yi kuskure a benci, ya ƙi jin shawara, duk na yarda. Amma a kan Isiya ya san kulob ɗinsa zai yi rauni, ya zaɓi ƙafar ɗan mutane. Ban ga wani mai riƙe da kulob a ƙasar nan da zai yi haka ba, kuma na ga da yawa. Kalmar da kuka yi ta jifansa da ita tawa ce. Ni na ɗauke ta daga Daura na kai ta Babban Mutum, da gangan, saboda kujera.

Wanda ya rubuta Dillali da safe, ba na jin haushinka, ni na koya maka. Amma don Allah ka goge.

Kwafin takardar na nan a akwatina. Malam Barau na da rai, ya tsufa, amma kunnensa garau. Gobe in Allah ya kai mu zan hau motar Baure, in sa a kira maƙwabtan nan biyu in suna nan, in karanta masa ita layi bayan layi, yadda take. Abin da zai ce min, shi ya sani.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Lawal, ka yalwata masa makwanci, ka rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba a nan. Ka ba iyalansa juriya.

Duk wanda ya karanta har nan, ka tsaya ka yi masa addu'a, kuma ka kira shi da sunansa. Tawa addu'ar ku dakata da ita tukuna, sai na dawo daga Babban Mutum.