Numfashin Auta a Shagon Mai Famfo

Mai Famfo gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya yar da komai. Bayan shagonsa buhuna ne na tsofaffin kawunan famfo da guntayen bututun tagulla. A cikinsu autana ya tsinto kayan haɗa tukunyar shisha, ya ƙara da ƙatuwar kwalbar magani, da haƙoran agogon bango don ado, da agogon tsohuwar na'urar awon jini. Mai Famfo ke yi masa walda yana tsokanarsa: "Injiniya, wannan shisha ce ko kan jirgin ƙasa?"

Ranar da suka gama, Auta ya toshe kowace kafa, ya hura iska da bakinsa, ya murɗe famfon don a ga ko tana yoyo. Allurar agogon ta hau ta tsaya. Ya ce a bar ta sai gobe. A hanyar gida mota ta buge shi.

Ban san da shishar ba sai bayan makoki, da Mai Famfo ya zo ya durƙusa. "Baba, akwai ajiyarka a wurina, amma ba ta ɗaukuwa."

Na bi shi shagon, na tarar tana damƙe a ƙarfen da yake matse bututu da shi in zai yanka. Matsin ne ke riƙe da toshiyar wuyanta. In aka sassauta, iskar za ta fice. Ƙarfen kuwa shi kaɗai gare shi. Yanzu tsakanin gwiwoyinsa yake riƙe bututu, yankan yana fitowa a karkace, masu kawo aiki suna ta komawa shagon gaba.

Na ce masa, "Oga, kwance ta kawai, ka ci gaba da sana'arka."

"Ga hannun ƙarfen nan, Baba. Kai ka murɗa."

Na kama hannun. Na sake shi.

Tun daga nan nakan biya in duba allurar. Tana sauka a hankali. Na san ba waldar da ke riƙe iska har abada. Makon jiya na tarar da ita sama da inda Auta ya bar ta.

"Oga, allurar ta hau."

Bai ɗago ba. "Zafi ne, Baba. Iska tana kumbura."

Ruwa ake ta yi tun safe, har ni da rigar sanyi. Na ce, "Haka ne."

Ya gyara bututun a tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki zarto.