Mai Zuba Gahawa a Ƙofar Tifofi

Shekarar da aka nuna Ka'aba a talabijin babu mai ɗawafi, sai tsuntsaye da masu shara, ita ce shekarar da na ajiye butar gahawa. A lokacin na yi shekara goma sha shida a Riyadh ina aiki ɗaya, zuba gahawa a wuraren biki. Kamfanin kafilina, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana, ƙarami ne, mu goma sha biyu. Idan za a yi aure ko walima sai a kwashe mu a mota da fararen riguna da ɗamara, mu tsaya buta a hannun hagu, finjalai a hannun dama, mu bi manya layi-layi. Balarabe ba ya cewa ya ƙoshi da baki, girgiza finjali yake yi. Saboda haka aikin na ido ne da riƙewa a ka: wa ya sha ɗaya, wa ya sha uku, wa ya girgiza, wa ya shigo yanzu ba a ba shi ba. In ka koma wa wanda ya girgiza, ko ka tsallake dattijo, ka kunyata mai gida.

Da korona ta zo aka hana taro, aikin ya tsaya cak. Muka jira wata uku, muka jira shida. Rannan kafilin ya kira ni ɗan ofishinsa da ke unguwar Dira. Mutumin kirki ne, shi ma abin ya doke shi. Ya ce, "Ya Haji, na sabunta maka iƙama ta shekara ɗaya saboda daɗewarmu. Ban da ƙarfin yin ta biyu. In ta ƙare bukukuwa ba su dawo ba, ko ka samo wanda zai karɓe ka in sa hannu, ko in buga maka fita ta ƙarshe." Iƙama ita ce takardar zama. Ba ita, ba kai. Shekaruna arba'in da tara, 'ya'ya biyar a Funtuwa, kuma na san ba mai sake ɗauko ɗan shekara hamsin da sabuwar biza. In na fita, na fita ke nan.

Mu takwas ne a gidan hayarmu na unguwar Suwaidi, tukunya ɗaya. Mai aiki ya kawo, marar aiki ya dafa. Ni na zama mai dafawa. Babbanmu wani direba ne ɗan Katsina, da Yaya muke kiransa. Akwai kuma mai walda ɗan Jos, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ranar Juma'a wani malami ɗan Damagaram, magidanci da ke karatun digiri na uku a jami'a, yakan zo mu ci shinkafa tare. Zaman banza ya mai da mu masana arzikin duniya. Kullum in an sauke tire, gardamar ɗaya ce: cikin ƙasashen masu kuɗi wace ce za ta fara miƙewa.

Yaya yana da ƙane a Italiya, don haka shi na Turai ne. "Yaron nan yana kwance gwamnati na biyan wani kaso na albashinsa," in ji shi. "Aikinsa kuma an ajiye masa, ba wanda ya taɓa. Wannan shi ne sanin darajar ɗan Adam."

Mai walda ya ce, "Wannan ai jinya ce, Yaya. Surukina a Amurka rana ɗaya aka sallame su. Aka turo masa kuɗi har gida, bai yi wata biyar ba ya samu aikin da ya fi na da. Can da ƙarfi ake faɗuwa, da ƙarfi ake tashi."

"To me ya hana ka bin surukin naka?"

"Biza, Yaya. Da da furfura ake sayenta, da tuni na aske ka kana barci."

"Ja can, ɗan nema. Ko Zariya ba ka taɓa kwana ba sai zancen Amurka."

Ni ba ni da kowa a ko'ina, sai in yi ta kwashe kwanuka ina saurare. Amma ina saurare da gaske, domin a ganina duk ƙasar da ta fara tashi, tashin zai zagayo har ya iso zauren biki.

Wata Juma'a rediyo ta ce rashin aiki ya fara raguwa a Saudiyya. Yaya ya buga cinya. "Kun ji ko? Mu ma mun farfaɗo. Ɗan Jos, kira surukinka ka gaya masa."

Malam ya ajiye cokali ya ce, "Yaya, Allah ya ƙara maka lafiya, ka san wa aka ƙirga?"

"Marasa aiki mana."

"'Yan ƙasa marasa aiki. A Italiya wanda ya rasa aiki yana nan a garin, dole a gan shi. A Amurka ma haka. A nan baƙo in ya rasa aiki jirgi yake hawa. Wanda ya sauka a Kano ba ya cikin marasa aikin Riyadh. Mutum biyu da suka bar gidan nan watan jiya, ba su ƙara lissafin ba, ba su rage shi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa maganar ta zauna mini. Wata takwas ina jiran labari daga rediyo, ashe labarin ba nawa ba ne. Daga ranar na daina tambayar wace ƙasa ce ta fara tashi, na fara fita ina duba garin da nake ciki da idona.

Abin da na gani shi ne wannan. Bukukuwa sun dawo, amma ƙanana, a cikin gidaje, samarin dangi su ke zuba wa baƙinsu gahawa. A Dira shago yana buɗe, na kusa da shi a rufe. Amma a babban titin da ya nufi Dir'iyya, tun hantsi bai ɗaga ba tifofi ke bin juna ɗauke da ƙasa da duwatsu. Arziki yana dawowa, sai dai ba ta ƙofar da ya fita ba.

Mai walda ne ya fara samun aiki a can, inda ake manyan gine-gine. Bayan mako biyu ya ce mini, "Baba, suna neman mai gadin ƙofa. Ba ɗaukar kaya, ba hawa sama. Duk tifar da ta shiga ko ta fita ka rubuta lambarta da lokaci. Amma da boko ake cika takardar." Ya san matsalata. Na yi allo ina yaro, ina karanta Alƙur'ani, amma ban taɓa shiga aji ba. Sunana ma da yatsa nake dangwalawa.

Na sami Malam. Bai yi mini wa'azi ba, bai kuma yabe ni ba. Ya fito da ni bakin titi ya nuna mini bayan wata mota. Lambar mota a nan layi biyu ce, sama Larabci, ƙasa boko. "Na sama ka san shi," in ji shi. "Na ƙasa shi za ka koya. Littafinka ke nan, kuma kyauta ne." Kullum bayan la'asar sai in zauna a gindin wani shagon taya da littafin rubutu, ina kwafar lambobin motocin da ke tsaye. Ido ya kama da wuri. Hannu ne ya ƙi. Hannun da zai riƙe finjali shida ba ɗigo, sai ga shi ya kasa sarrafa biro.

A cikin watannin nan gidan da Yaya ke yi wa tuƙi suka sallame shi. Ya zaɓi fita ta ƙarshe. Ranar da muke ɗaure masa kaya ya ce, "Ƙanena, zo mu tafi tare. Gemu da biro? Ka bar wa 'ya'yanka."

Na ce, "Yaya, saura wata uku a takardata. Bari in cinye su."

Ya dube ni, ya ce, "Taurin kanka na jaki ne, amma jaki yana kai kaya gida." Muka raka shi mota.

Saura kwana goma sha tara iƙamata ta ƙare aka kira ni gwaji. Shugaban ƙofar wani ɗan Sudan ne, dogo, ba ya son magana biyu. Ya ba ni hular kwano da riga mai ƙyalli da takarda a kan katako, ya ce, "Kwana uku. In layi ya taru har titi, ka tafi gida."

Sa'ar farko ta yi muni. Kafin in gama rubuta lamba ɗaya tifa huɗu sun tsaya a baya suna oda. Zufa ta jiƙa takardar. Na hango ɗan Sudan ya fito daga rumfarsa ya riƙe ƙugu. Amma ina cikin wannan hali na lura da abu guda: direban da ke gabana na gan shi ɗazu, mai jan ƙyalle a wuya. Na bayansa ma, mai haƙorin zinariya. Ashe ba sababbin motoci ba ne ke zuwa, tifa kamar talatin ne ke kai da komo. Wannan ai zaure ne, baƙin ne kawai ke kan taya.

Na juya bayan takardar. Duk direban da ya zo in rubuta lambarsa sau ɗaya, a hankali, in haɗa ta da fuskarsa. Da na gama da su, sai na soke biro a aljihu na tsaya yadda na saba tsayuwa. Na riƙa ɗaga musu hannu suna wucewa, ina jera su a kaina: mai jan ƙyalle, mai haƙori, tsoho mai carbi, mai fasasshen madubi. In an sami sarari in duba agogo in zauna in kwafe su bi da bi.

Ɗan Sudan ya iso da sauri. "Ya Haji, me kake yi? Motoci bakwai sun wuce ba ka rubuta ba!"

"Suna nan, ranka ya daɗe."

"Ina?"

Na nuna kaina. Ya ce wani abu da harshensu wanda na gode Allah ban fahimta ba. Ya tsaya a kaina har na gama rubutawa, ya fizge takardar ya tafi wajen masu awon nauyi, inda ake ba kowace tifa rasiti. Ya daɗe. Da ya dawo ya ce jerin daidai ne, amma na juya lambobi biyu a mota ɗaya. "Kuskure ɗaya a nan tifar ƙasa guda ce ta ɓata a takarda. Ka gane?" Na ce na gane. Ya ce, "Gobe ƙarfe shida."

Rana ta biyu na yi kuskure biyu, ta uku ban yi ba. Suka ɗauke ni. Kafilina ya sa hannu saura kwana shida.

Har yanzu ina ƙofar. Ranar Juma'a ina zuwa ajin manya da ɗaliban jami'a suka buɗe, a nan na wuce lambar mota na kai ga rubuta irin wannan. Mai walda bai daina gardama ba. Yanzu surukinsa na Amurka kukan tsadar haya yake, ƙanen Yaya kuma masana'antarsu ta rufe bayan an janye tallafin, yana aikin gona a kudancin Italiya. Ban san wace ƙasa ce ta ci gasar ba. Kowace dai ta sami inda ta ajiye marasa aikinta: wata a gida, wata a layin neman aiki, wata a jirgi.

Abin da na san ƙidayarsa shi ne nawa rashin. Wata goma sha bakwai ba aiki. Mutum biyar cikin takwas na gidanmu, da suka hau jirgi. Gonar bakin rafi ɗaya da shanun noma biyu, da aka sayar a Funtuwa don a ci abinci. Shekara ɗaya ta karatun ɗana na biyu. Ɗaurin auren 'yata ta fari, wanda ƙanena ya tsaya a madadina. Sana'a ɗaya.